Lado da Kurkunun Gidan Kanya

Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare. Sunana Musbahu, daga Safana aka turo ni Batsari shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma a nan na san Baba Lado. Dogo ne siriri, ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa a gwiwa, in zai zauna sai ya miƙe ta gaba tukuna sannan sauran jikin ya bi. Abin da zan faɗa a kansa, wani daga bakinsa na ji, wani daga mutanen garinsu, wani kuma a gabana aka yi.

An haife shi a Gidan Kanya, wani ɗan ƙauye a bayan Wagini, wajen shekarar 1961. Garin ba shi da rijiya mai ruwa, dutse ne a ƙasa. Tafki guda suke da shi a yamma da gari, nan mutane ke ɗiba, nan dabbobi ke sha. Duk damina kurkunu kan sauka a garin. Mutum zai ji ƙaiƙayi da zafi a ƙafa, wurin ya yi ƙurji, ƙurjin ya fashe, sai farar tsutsa siririya kamar zare ta leƙo. A nannaɗe ta a tsinke, kullum a ja kaɗan. In an yi garaje ta tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura ta ruɓe. Kuma ba ta zuwa sai lokacin noman farko, lokacin da kowa ke bukatar ƙafarsa.

A wancan zamani kowa da abin da yake cewa. Wasu suka ce a jini take, da ita ake haihuwar mutum. Wasu suka ce jijiya ce ta mutu take neman hanyar fita. Tsofaffi suka ce raɓar safiya ce ke kawo ta. Babu wanda ya taɓa zargin tafkin, domin in zafin ya ishi mutum, tafkin yake zuwa ya tsoma ƙafa ya ji sanyi.

Mahaifin Lado damina uku a jere yana kwance. A ta ukun ciwon ya shiga jiki, haƙoransa suka sarƙe, ya rasu. Lado yana aji huɗu a firamaren Wagini, daga nan karatun ya tsaya, ya koma gona. Shi ma a 1984 ta fito masa a gwiwa har guda uku, ya yi wata huɗu a kan tabarma. Ya tashi, gwiwar ba ta tashi ba.

Shekara biyar bayan haka wani ma'aikacin lafiya ya zo garin a kan babur. Malam Zainulabideen sunansa, gajere ne mai yawan gumi. Ya gaida mai gari, ya roƙi a tara masa mutane a gindin kanya. Ya sa aka ɗebo ruwan tafki a farar kwalba, ya ɗaga ta ga rana, ya kara wani gilashi mai ƙara girman abu, ya ce kowa ya zo ya leƙa.

Lado ya leƙa. Ya ga waɗansu 'yan halittu farare suna tsalle a cikin ruwan kamar ƙuma.

Malam Zainulabideen ya ce, “Waɗannan su ke ɗauke da 'ya'yan kurkunu. Ka sha su bana, baɗi ta fito maka. Mai ita kuma in ya tsoma ƙafa a tafki, sai ta zuba 'ya'yanta a ciki. Haka kuke ta yi da ita, ku ba ta, ta ba ku.”

Wani dattijo ya ce, “Malam, ai kai ka zo da kwalbar.”

Aka yi dariya, taro ya watse. Lado bai tafi ba. Ya roƙi aron gilashin na kwana ɗaya. Washegari ya wanke kwalbar man gyaɗar matarsa Kande, ya je tafki da kansa ya ɗebo. Suna nan. Ya je ɗaya gefen, inda shanu ba sa shiga, ya sake ɗiba. Suna nan. Ya koma gida ya ɗebi na randarsu, wanda ya sha da safe. Nan ma suna nan.

Ya gaya mini cewa ya daɗe zaune da kwalbar a hannu. Ba murna ya yi ba, ba kuma tsoro ya ji ba. Mahaifinsa kawai ya tuna, yadda shi Lado yakan ɗauke shi a kan jaki ya kai shi tafki ya tsoma ƙafa, mata na ɗiba a gefe.

Da yake ya iya rubutu, shi aka naɗa ma'aikacin kurkunu na Gidan Kanya da ƙauyuka huɗu na kewaye. Aka ba shi keke, da bandeji, da ƙyallayen tace ruwa masu laushi, da littafin rubuta sunan duk wanda ta fito wa. Keken da ƙafa ɗaya yake tuƙa shi, ɗayar tana reto. A shekarar farko ya rubuta mutum ɗari biyu da goma sha huɗu.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Ya raba ƙyallen, ya dawo bayan mako ya tarar ana tace koko da shi. A wani gida an ɗinka wa jariri hula da shi. Sannan magana ta fito cewa an shafa wa ƙyallen maganin hana haihuwa. Kande ce ta kashe wannan maganar. Tana da cikin ɗansu Aminu a lokacin, kullum sai ta ɗauki tulunta ta je bakin tafki, ta ɗaura ƙyallen a bakin tulun a gaban mata, ta tace, ta kwankwaɗa. Ba ta yi wa kowa wa'azi. In an tambaye ta sai ta ce, “Ni dai na gani da idona, ba na iya sha haka nan.” Sai ta juya ƙyallen ta nuna musu abin da ya rage a kai. Bayan Aminu ta haifi Ramlat, maganar ta mutu.

Da aka kawo maganin zubawa a tafki don kashe 'yan halittun nan, makiyaya suka ce ba su yarda ba, za a kashe musu shanu. Ardo Armaya'u ya zo da mutanensa suka tsaya a bakin ruwa da sanduna. Lado ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar ruga da ta bisashe, sannan ya zuba maganin a gabansu, ya cika ƙwarya ya shanye.

Ardo ya ce, “In ka kwana lafiya, mu ma mun yarda.”

“To Ardo, ka turo a duba ni da safe.”

Da kansa ya zo, ya tarar da Lado yana huɗa.

Daga nan lissafin ya riƙa sauka. Ɗari da ashirin, sittin da uku, goma sha tara, huɗu. Mutane suka lura da kansu, gidan da ake tacewa ana noma, gidan da ba a yi ana jinya. Ta ƙarshe wata mata ce, Zuwairatu, a damina ta 2001. Kwana ashirin da uku Lado yana zuwa gidanta yana jan tsutsar, mijinta na zaune a gefe, kuma Lado ya hana ta zuwa tafki, Kande ke kai mata ruwa. Ranar da ta fita duka, Malam Zainulabideen ya zo ya sa ta a kwalba ya tafi da ita. Tun daga ranar ba a sake ganin kurkunu a Gidan Kanya ba.

Sai gari ya juyo gaba ɗaya. Mutanen da suka yi wa kwalba dariya su ne suka fara kiran Lado Likita. Ana kawo masa mai ciwon ido, mai farfaɗiya, mai naƙuda, har da akuyar da ta ƙi cin abinci. Kowa allura yake so. Duk abin da ya fito daga hannun ma'aikaci, ko farin alli ne, magani ne. Lado ya yi ta cewa, “Ni abu ɗaya na sani. Ku tafi Batsari.” Suna ganin rowa yake yi.

Wannan bai wuce shekara biyu ba. A 2003 aka shiga ruɗanin ɗigon rigakafin shan inna, ana ta cewa an sa wani abu a ciki. Da yake mutane sun yarda da Lado, sai aka haɗa shi da masu ɗigon ya riƙa shige musu gaba. Gidan farko da suka je na maƙwabcinsa ne Almustapha, wanda katanga ɗaya ta raba su. Almustapha ya fito zaure, suka gaisa har da tambayar kwanan iyali, sannan ya ce:

“Lado, wancan karon ka nuna mana mun gani. Wannan ma nuna mani abin da ke ciki.”

“Wannan ba a ganin shi da gilashi.”

“Kai ka gani?”

“Ban gani ba.”

“To wa ya gani?”

Lado ya ce zai tambayo. Ya hau keke har Batsari. Malam Zainulabideen ya yi ritaya, wanda ya gaje shi yaro ne mai takardu da yawa a kan tebur. Ya ce an gwada maganin a manyan ɗakunan bincike, masana sun tabbatar lafiyarsa ƙalau. Lado ya ce su wane ne, a ina suke, ko akwai wanda zai zo ya yi wa mutane bayani. Yaron ya ce, “Baba, kai dai ka gaya masu gwamnati ta ce su karɓa.”

Haka ya dawo ya faɗa. Ya ɗiga wa 'ya'yan ƙaninsa a gaban masallaci, kamar yadda ya sha ruwan tafki a gaban Ardo, amma wannan karon ba wanda ya zo duba su da safe. Aka ce an saye shi. Aka daina ce masa Likita. Bayan shekara biyu 'yar Almustapha, Rahma, ta yi zazzaɓi na kwana uku, ta tashi ƙafafunta biyu sun saki. Almustapha bai taɓa ɗaga maganar ba, Lado ma bai ɗaga ba. Kullum suna gaisawa a ƙofar gida, yarinyar na jan gindi a tsakaninsu. Daga baya mutane suka koma karɓar ɗigon a hankali, ba tare da wani ya ce ya yi kuskure ba.

An haƙa wa garin rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, aka bar wa dabbobi tafki. A ƙarshen 2013 Lado ya ji a rediyo an ce an tabbatar babu sauran kurkunu a Nijeriya. Yana sussukar dawa a lokacin. Ya ce da Kande, “Kin ji?” Ta ce, “Na ji, Malam.” Suka ci gaba da aiki. Ba wanda ya aiko masa da ko takarda.

A shekarar da ta biyo baya na san shi. Ina koyar da darasi a kan cututtukan ruwa, na ambaci kurkunu, ɗalibai suka yi ta kallona. Wani malami ya ba ni labarin Lado, na aika aka roƙe shi ya biyo ta makaranta ranar kasuwa. Ya zo da farar riga wankakkiya. Ya naɗe wando ya nuna tabon gwiwarsa, ya buɗe hannuwa ya nuna tsawon tsutsar. Ajin ya fashe da dariya. Wata yarinya ta ce, “Baba, tsutsa mai wannan tsawo a cikin ƙafar mutum? Ta ina ta shiga?” Ya yi bayani tiryan-tiryan, bayanin da ya fi nawa kyau, amma na ga ba su gamsu ba. Sai na ciro wayata na nemo hoto na zagaya da shi. Nan take suka ce ashe da gaske ne.

Na ji kunya. Da na raka shi bakin ƙofa na ba shi haƙuri. Ya ce, “Ba komai, Malam. Gara da ba su san ta ba.” Ya tambaye ni wane ne ya ɗauki hoton. Na ce ban sani ba. Ya gyaɗa kai ya hau kekensa.

Daga 2019 'yan bindiga suka matsa wa yankin. Suka fara da shanu, suka koma kan mutane. Suka kwance farantan hasken rana na rijiyar suka tafi da su, garin ya koma shan tafki. A damina ta 2020, da hantsi, suka tarar da Aminu a gona yana maimai suka harbe shi. Yana da shekara talatin da 'ya'ya uku. Lado ne ya ɗauko shi a kan jaki. Ya ce mini a hanya yana ta jiran kuka ya zo masa, bai zo ba. Aka yi wanka, aka yi salla, aka rufe, yana jira. Ya ce har yau bai zo ba, shi kuma ya daina jira.

Bayan kwana bakwai suka kwashe suka dawo Batsari, gidan mijin Ramlat, aka ba su ɗaki guda a bayan gida. Sau ɗaya ya koma Gidan Kanya a kan babur ɗin haya, don ya ce wa waɗanda suka rage su riƙa tace ruwan. Suka ce, “Ai kai ka ce mana ta ƙare.” Ya ce haka ne, ta ƙare. Ya hau babur ya dawo.

A Batsari ruwan 'yan ga-ruwa suke saya. Kande ba ta taɓa barin al'adarta ba, duk jarkar da aka kawo sai ta tace kafin ta zuba a randa. A damina ta 2021 amai da gudawa ya ɓarke a unguwanni. Ya kama ta bayan sallar Azahar, kafin La'asar ba ta iya tsayuwa. Aka kai ta inda ake kwantar da masu cutar, aka sa mata ƙarin ruwa, amma jijiyoyinta sun riga sun lafe. Washegari da rana ta cika.

Na je wurin, domin akwai ɗalibaina biyu a kwance. Na tarar da shi tsaye a gaban wata ma'aikaciyar jinya yana cewa, “Ɗiyata, tana tacewa. Shekara talatin da biyu ba ta taɓa sha ba ta tace ba.”

Ma'aikaciyar ta gaji, idanunta sun yi ja, amma ta tsaya. Ta ce, “Baba, ƙwayar wannan ta fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ƙyalle ba ya tare ta. Sai an tafasa, ko a sa magani.”

“Ba ya tare ta.”

“Ba ya tarewa, Baba. Allah ya ji ƙanta.”

Ya ce amin. Ya juyo ya gan ni, muka gaisa, har ya tambaye ni ya makaranta. Sannan ya ce, “Malam, kai ka san da haka?” Na ce na sani. Yana cikin littafin aji biyu, na koyar da shi ya fi sau goma. Ban taɓa tunanin in gaya masa ba, domin a ganina shi ne mai ruwa, ni mai allo. Ya tafi neman wanda zai haƙa kabari.

Tun daga nan Baba Lado ba ya cewa abu ya yi daɗi ko bai yi ba. In an ba shi abinci ya ci. In an yi haihuwa ya je barka, in an yi rasuwa ya je gaisuwa, fuskarsa ɗaya. An ara masa 'yar gona a bakin gari, inda ake iya zuwa a dawo kafin Azahar, yana shuka wake.

Shekaru biyu da suka wuce wata ɗaliba mai suna Mahfuza ta zo daga jami'a tana bincike a kan yadda aka kawar da kurkunu. Aka haɗa ta da ni, na kai ta wurinsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ciro takarda ta karanta masa da Hausa: cewa ba dole ba ne ya amsa, yana iya tsayawa duk lokacin da ya so, kuma ba za a ambaci sunansa ba sai da izninsa. Ta ce in ya yarda ya sa hannu.

Ya ce, “Yanzu tambaya ake yi?”

Ta ce, “Doka ce, Baba.”

Ya karɓi biro ya rubuta sunansa a hankali. Ya yi mata magana ta kusan awa biyu, shekara bayan shekara, gida bayan gida, bai manta lissafi ko ɗaya ba. Ta yi ta mamaki. A ƙarshe ta ce, “Baba, ya kake ji in ka tuna kana cikin waɗanda suka raba ƙasar nan da wannan cuta?”

Na ga da gaske yake neman amsar. Can ya ce, “Ban san me zan ce maki ba, ɗiyata. An ce a yi, mun yi.”

Sai shi ma ya tambaye ta wa zai karanta abin da za ta rubuta. Ta ce malamanta, da masana a wasu ƙasashe, da Turanci za a buga. Ya ce ko za a samu wanda zai zo ya karanta wa mutanen Gidan Kanya, waɗanda suka rage. Ta ce za ta yi ƙoƙari, in hanya ta yi kyau.

Hanyar ba ta yi kyau ba tukuna. Mahfuza ta gama karatunta, ta turo mini takardar ta waya, shafi goma sha takwas. Sunansa na cikin godiya a shafin ƙarshe, na bakwai a jerin. Na je na same shi a ƙofar gida yana ɓarar wake a faifai, na nuna masa. Ya kawo wayar kusa da ido ya duba, ya ce an rubuta daidai. Ya miƙo mini, ya ce in zan koma ta kasuwa in gaya wa Ramlat, tana can, ta sayo gishiri, nasu ya ƙare.